Baffa Ya Ce A Cire Sunan Gwaggo Daga Tarihin Kaka

Mama, salama a gare ki.

Kakata, wadda ta haifi babana, ta rasu bara da damina a ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi. A gidan Maguzawa aka haife ta, tana budurwa ta karɓi bangaskiya, kuma har ta bar duniya ba ta fasa zuwa sujada ba, ko da ta kai sai an goya ta a babur. Ta daɗe tana shugabancin Zumuntar Mata ta majami'armu, ita ce kuma ungozomar ƙauyen, Kirista da Musulmi duk ita ke karɓar haihuwarsu. 'Ya'yanta takwas ne suka rayu.

Yanzu iyali sun shirya sujadar godiya ta cika shekara, aka ɗora mini rubuta tarihinta da za a buga a ɗan littafi, tunda ni ce malamar makaranta. Babban Baffanmu ya ce in rubuta ta shekara 115. Ita kuwa Kaka abin da takan faɗa shi ne tana yarinya mai zuwa rijiya aka yi rasuwar Sarki Dikko, tana goyon na biyu Sarauniya ta zo Kaduna, autanta kuma an haife shi shekarar da motoci suka koma hannun dama.

Abin da ya fi damuna, ya ce kada in sa sunan Gwaggo cikin jerin 'ya'ya. Gwaggo ta auri Musulmi ta musulunta tun kafin a haife ni. Kaka ta yi shekara 12 ba ta yi mata magana, daga baya ita da kanta ta aika aka kira ta. Gwaggon ce ta yi jinyarta shekara biyun ƙarshe, a hannunta ma ta cika. Babana ya rasu, ba ni da mai tsaya mini. Ga kuma kuɗin anko da na sayen bijimin sa da aka ɗora wa kowa, wasunmu sai sun ci bashi. Ina jin nauyin Baffa, amma hannuna ya ƙi rubuta abin da ya ce. Yaya zan yi?

Jikarta, daga Kaduna.

'Yata,

Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba ku haƙurin rashin wannan uwa. Zan fara da abin da ya fi nauyi. Kada ki cire sunan Gwaggonki. In aka ce lallai sai an cire, ki ajiye alƙalamin cikin ladabi, ki ce a ba wani ya rubuta. Amma ina sa rai ba za a kai ga haka ba.

Jerin 'ya'ya ba rajistar membobin Ekklesiya ba ne. Shaida ce ta waɗanda mace ta ɗauki cikinsu, ta yi naƙudarsu, ta goya su. Kaka ta raini takwas. Duk wanda ya buɗe littafin ya ga bakwai an yi masa ƙarya, kuma a ƙauye irin naku babu tsohuwar da ba za ta ƙirga da yatsunta ba tun kafin a rufe addu'ar buɗe taro. Maganar da mutane za su koma gida da ita ke nan, a manta da duk alherin marigayiya. Nan da shekara 30 kuma wani tattaɓa-kunne zai ɗauko littafin yana neman danginsa, ya tarar an datse masa reshe guda.

Bayan haka, mai maganar ta riga ta yanke hukunci. Wa ya fi Kaka sanin zafin abin da ya faru? Ita ta yi kukan, ita ta yi fushin shekara 12, ita kuma ta sauko ta aika a kira mata 'yarta. Ba wanda ya tilasta mata. Ta yarda wannan 'yar ta yi mata wanka, ta ba ta kunu a baki, ta juya ta a shimfiɗa, har ta rufe mata ido. Matar da ta yi shekaru tana koya wa mata a Zumunta cewa a gafarta kamar yadda aka gafarta mana, ta aikata abin a cikin gidanta, a wurin da ya fi wuya. A ganina wannan shi ne babban aikin bangaskiyarta, ya fi shugabancin Zumuntar ma. Idan aka goge sunan Gwaggo, wannan aikin aka goge.

Ki buɗe Littafin Farawa sura 25. Ibrahim ya rasu cikin kyakkyawan tsufa, kuma aya ta 9 ta ce 'ya'yansa Ishaku da Isma'ilu ne suka binne shi tare a kogon Makfela. Kin san abin da ya shiga tsakanin gidajen nan biyu, har aka sallami Hajaratu da ɗanta zuwa jeji. Duk da haka, a bakin kabarin uba, su biyu aka ambata. Ayoyi kaɗan bayan nan kuma surar ta jero 'ya'yan Isma'ilu goma sha biyu, kowa da sunansa. Littafin da Kaka ta rayu a kansa bai cire ɗa daga jerin ubansa ba, to mu a kan wane dalili za mu cire?

Sai dai kada ki ɗauki Baffanki a matsayin mugu. Ki tuna inda ya tashi. Kiristan Bahaushe a ƙasar Katsina ko Kano ɗan tsiraru ne, mai shan tambaya daga kowane ɓangare: a kasuwa a ce masa yaya Bahaushe zai zama Kirista, a wata majami'ar birni kuma a yi masa kallon baƙo. A irin wannan zama, in 'ya ta bar bangaskiyar gida, ji ake kamar katanga ce ta faɗi. Shi ne babba, mai yiwuwa shi ya sha gorin, shi ya ga hawayen uwarsa a shekarun farko, ya kuma ɗauki fushin a madadinta. Ita ta ajiye, shi har yau bai samu inda zai ajiye nasa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ba a kayar da shi da hujja a gaban ƙannensa. Don haka ki kiyayi zauren WhatsApp na iyali. Da zarar kin rubuta maganar a can, kowa zai ɗauki ɓangare, shi kuma ba zai iya janyewa ba ko da zuciyarsa ta so.

Ki niƙi gari ki je ƙauye ki same shi. Kada ki tafi ke kaɗai, ki nemi ɗaya daga cikin tsofaffin ƙawayen Kaka na Zumunta, wadda shi ma yake ce wa Mama, ko wani dattijon Ekklesiya da yake jin maganarsa. Kuma kada ki fara da zancen Gwaggo. Ki ce kin zo ɗaukar tarihi daga bakin babban ɗa, wanda kuwa gaskiya ne, domin babu mai rai da ya san ƙuruciyar Kaka kamarsa. Ki bar shi ya ba ki labarin noma da yunwa da yadda aka gina majami'ar farko. In hira ta yi nisa, sai ki tambaye shi ko yana gida ranar da Kaka ta aika a kira Gwaggo, da abin da ta ce a ranar. Ki yi shiru ki saurara. Sau da yawa dattijo in ya faɗi abu da bakinsa, yakan ji abin da ba zai ji daga bakin yaro ba. Daga nan dattijuwar da kika tafi da ita ta san abin da za ta ce, ke kuma ki roƙe shi a matsayin 'yar ƙaninsa marainiya: Baffa, ka yi mini izini in rubuta su takwas yadda ta haife su. Ki ba shi damar ya zama shi ne ya ba da umarnin. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar, shi ma ya san haka.

Sannan ki je wurin Gwaggo. Na lura a wasiƙarki kowa yana magana a kanta, amma ba ki ce wani ya tambaye ta komai ba. Shekara biyun ƙarshe na rayuwar Kaka suna hannunta: abin da take so ta ci, waƙar da take rerawa da dare, sunayen da take kira, addu'ar da take yi wa jikoki. In ba ki ji daga gare ta ba, tarihinki zai tsaya ne kafin ƙarshen labari. Ki sani kuma jinyar da ta yi ba saɓa wa addininta ta yi ba. A Suratu Luƙman aya ta 15 an umarci Musulmi ya yi kyakkyawan zama da iyayensa a duniya ko da ba addininsu ɗaya ba, kuma sananne ne a hadisi cewa Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ba Musulma ba, aka ce mata ta sada zumunci da ita. Wato uwa ta bi abin da littafinta ya ce, 'ya ta bi abin da nata ya ce, suka haɗu a ɗaki guda.

Ki tambaye ta sunan da take so a rubuta, na yanka da Kaka ta sa mata ko wanda take amsawa yanzu, ko duka biyun. Ki tambaye ta ko za ta so zuwa majami'a ranar. In ta ce a'a, kada kowa ya ga laifinta, kuma kada a matsa. Ku shirya yadda ita da 'ya'yanta za su zauna a gida a karɓi baƙi tare da su, a ba Musulmi ya yi yankan, a kuma tabbatar babu abin sha mai sa maye a wurin, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Matan Musulmin ƙauyen da Kaka ta karɓi haihuwarsu su ma a aika musu da goron gayyata. Za ki sha mamakin yawan waɗanda za su zo.

Game da shekara 12 na rashin magana, ban ce ki buga su dalla-dalla ba. Faɗin gaskiya daban, tonon asiri daban, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya isa ki rubuta cewa a shekarunta na ƙarshe 'yarta wance ce ta yi jinyarta har ta cika a hannunta. Waɗanda suka san labarin za su gane nauyin wannan layi, waɗanda ba su sani ba kuma ba a yi musu ƙarya ba. In Gwaggo da Baffa duk sun yarda a ƙara jimla ɗaya da ke cewa an taɓa samun saɓani Kaka ta nemi sulhu, to madalla, ni da na fi son haka. Amma wannan izininsu ne, ba naki ba.

Kada kuma ki mai da ita mala'ika. Irin littattafan nan da ake rabawa a taro, yawancinsu in an canza suna da hoto za su dace da kowace tsohuwa: mai tsoron Allah ce, mai haƙuri, mai son jama'a. Ba wanda ke karantawa sau biyu. Matar da ta iya riƙe fushi shekara 12 mace ce mai ƙarfin hali da taurin kai, kuma ina zaton da wannan halin ne ta tsaya a kan bangaskiyarta tana budurwa a gidan da ba wanda ke bi. Ki bari a ga wannan. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye tsananin da Saratu ta yi wa Hajaratu ba, amma a Ibraniyawa sura 11 sunanta na cikin masu bangaskiya.

Zancen shekaru mai sauƙi ne, domin Kaka ta bar miki alamomi uku masu kyau. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944. Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna a 1956. Motoci sun koma hannun dama a 1972. Yarinyar da ke zuwa rijiya a 1944 ba ta wuce shekara 8 zuwa 11 ba, ke nan an haife ta wajen 1933 zuwa 1936. Tana goyon na biyu tana da ashirin da 'yan kai, ta haifi auta kafin ta cika 40. Komai ya zauna daidai, kuma ta rasu tana da kimanin shekara 90. In kuwa aka ce 115, haihuwarta ta koma wajen 1910, wato ta haifi auta tana da fiye da 60. Ki nuna wa Baffa wannan lissafi a takarda, a keɓe. Ki rubuta "an haife ta wajen 1934", ki kuma sa alamomin nan uku a cikin tarihin yadda ta faɗe su, domin sun fi lamba daɗin karantawa. Zabura 90 ta ce kwanakinmu 70 ne, in da ƙarfi 80. Wadda aka ƙara wa goma a kan haka ba ta bukatar a yi mata ciko.

Yanzu ga aikin da nake so ki fi ba ƙarfi. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Tabita ta rasu a Yafa, gwaurayen mata ba su tsaya jera kalmomin yabo ba. Riguna da tufafin da ta ɗinka suka ɗauko suna nuna wa Bitrus suna kuka. Ki nemo irin waɗannan rigunan na Kaka. Ki zauna da matan Zumunta mafiya tsufa, ki kunna rikoda ta wayarki bayan kin nemi izininsu, kuma kada ki tambaye su wace irin mace ce ita, don amsar da za ki samu ita ce mutuniyar kirki. Ki tambaye su wace haihuwa ce ta fi ba ta wuya, wa ya koya mata aikin, me ake ba ta in ta yanke cibiya, me take yi in gidan ba su da ko sabulu. Ki tambayi wace waƙa take bayarwa a yi mata amshi, ki roƙe su su ɗauko tulu da kacau-kacau su rera miki ita har ƙarshe, ki rubuta baitocin. Waƙoƙin Zumunta da yawa ba sa cikin Littafin Waƙoƙi, a bakin matan kawai suke, in suka tafi sun tafi da su. Ki tambayi wa ta yi wa faɗa, wa ta raba da miji ko ta mayar ɗaki, yaran wa ta riƙe bayan nata takwas.

Ki nemi Littafinta Mai Tsarki. Tsofaffinmu sukan rubuta ranakun haihuwa da baftisma da rasuwa a shafukan farko ko na ƙarshe, ko su sa wani ya rubuta musu. Ki duba kuma wane juyi ne. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sabon juyi kuma ya fito wajen 1980. In tsohon ne a hannunta, ki tambayi wa ya ba ta, a ina kuma ta koyi karatu, a ajin baftisma ne ko a ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. Ki tambayi sakataren Ekklesiyarku ko akwai tsohuwar rajista, in babu ki gwada ofishin DCC, wato majalisar Ekklesiya ta gunduma. Katin baftisma in ya samu zai ba ki shekara da sunan wanda ya yi mata.

Wannan zai kai ki ga babban labarin da rayuwarta ke ciki. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta fara shigowa ƙasar nan a 1893, amma gwamnatin Turawa ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa, sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, galibi ta hanyar aikin magani, irin asibitocin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina da Yadakunya kusa da Kano. Ekklesiyar ECWA kuwa, wadda ta fito daga aikin SIM, a 1954 ta tsaya da sunanta. In Kaka ta karɓi bangaskiya tana budurwa, to tana cikin rukunin farko-farko na masu bi a yankinku, mai yiwuwa ma tun kafin a san sunan ECWA. Jikokinku da suka tashi a Kaduna da Abuja ba su san abin da hakan ke nufi ba. Ki tambayi ko ta fita wa'azin Sabon Rai, gangamin bisharar nan da ya bazu a shekarun 1960, da ƙauyukan da suka taka da ƙafa. Abu ɗaya nake roƙonki a nan: in kin zo kan iyayenta Maguzawa, ki rubuta su da mutunci. Su suka haife ta, suka koya mata noma da riƙon amana, kuma akwai danginku da har yau suke can.

Batun kuɗi ba zan ja shi ba. Sujadar godiya ba ta bukatar bashi. Ki ba da shawara anko ya zama na ganin dama, wanda ba shi da hali ya sa abin da yake da shi, matan Zumunta kuma dama suna da zanensu. In sa ya yi tsada, awaki biyu da shinkafa sun ciyar da ƙauye. In an samu rara, ku tambayi ungozomar da ta gaje ta ko ƙaramin asibitin da ke kusa abin da suka fi bukata, ku saya da sunan Kaka. Wannan maganar ma ta bakin dattijuwar nan za ta fi shiga.

In kin gama rubutawa, kafin ki kai wa mai bugawa, ki karanta wa Baffa shi kaɗai, ki karanta wa Gwaggo ita kaɗai, ki gyara abin da kowannensu ya nuna miki na kuskure a suna ko shekara. Muryoyin da kika ɗauka kuma kada ki bar su a waya guda, ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku su ajiye. Ki fara da wadda ta fi tsufa a cikin ƙawayen Kaka, a wannan makon in da hali, tun kafin ma ki ga Baffa. In maganar sunan ta cije bayan duk wannan, ki sake rubuto mini mu duba wanda za a sa ya shiga tsakani.